Ruwan da Dawuda ya ƙi sha

A bakin layinmu akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, Inna kowa ke ce mata har da waɗanda suka girme ta. Ni da ƙosanta na yi lakwal, yanzu ɗiyana ma da shi suke tahiya, na dala ashirin a ƙulle cikin takarda, mai na ɓullowa. Autanta soja ne. To, soja ne a da, bakina ne har yanzu bai saba ba.

Yaron nan a gabana ya tashi. Ya yi kabu-kabu kamar shekara biyu, babur ɗin ma ba nashi ba ne, da marece ya kai ma mai shi kuɗinshi ya riƙe abin da ya saura, wata rana ma ba ya saura. Da aka buɗe ɗaukar soja ya tahi, kuma kada in yi mishi ƙarya bayan ranshi, ba wani dogon wa'azin kishin ƙasa ya kai shi ba, albashi ne, ya ce shi dai ya gaji da ganin Inna cikin hayaƙi tun asuba. Duk permisiyon da ya samu sai ya leƙo gidana, "Yaya ina wuni, ya madam, ya yara", ya zauna bisa benci ya yi ta tsokanata. Wata shekara an kai su gadin wata majami'a daren Nowel a can wani gari, ya dawo yana ba ni labari yana dariya, wai "Yaya ku fa kun iya waƙa amma ba ku san dare ya yi ba, ƙarfe ɗaya muna tsaye cikin ɗari ku kuna ta dukan ganga." Na ce mishi ai lada kake samu. Ya ce "lada kam sai wajen Allah, ko shayi ba wanda ya miƙo mana."

Labarin mutuwarshi a salula ya zo, can yankin Tillaberi aka yi musu kwanton ɓauna. Kafin ma a kira gida yaran unguwa sun riga sun ga hotuna a WhatsApp suna ta ɓoye ma juna, kowa ya sani sai uwar da ta haife shi, tana nan tana juya ƙosai. Can aka rufe shi. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kushewa ba, jaka guda aka kawo da ƴan tufafinshi. Matarshi ta shiga takaba da yara biyu, babban bai kai shiga lakwal ba.

Lahadin da ta biyo baya na je sujada kamar kullum. Aka zo wajen roƙe-roƙen addu'a, aka yi ma masu jarabawa, aka yi ma wata dattijuwa da ke kwance likita, aka roƙi damina mai albarka, sannan a ƙarshe mai jagora ya ce Ubangiji ka tsare ƙasarmu da shugabanninmu da sojojinmu, muka ce amin. Shi ke nan. Ni da na san sunan yaron, na san uwarshi, na ci ƙosanta da safen nan, ban ɗaga hannu ba. Ba fasto nake zargi ba, bai ma san an yi rasuwar ba. Kaina nake tuhuma, kuma tun ran nan abin ke ci na, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Me ya hana ni? Na juya abin na juya, sai na gane akwai wata ɗabi'a da ta shige mu mu Kiristan wanga gari, ta ɗan tsako da ya taɓa ganin shaho. Mu kaɗan ne, ƙidayar 2012 ko kashi 1 cikin 100 ba ta ba mu ba a ƙasar baki ɗaya. Mun ga Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda wani zane da aka buga can Faransa wanda ba mu sani ba ba mu gani ba. Mun ga Yunin 2019 da aka cinna wuta a majami'ar unguwar Zariya nan cikin Maraɗi. To tun daga nan da yawanmu muka koyi sunkuyar da kai, mu shiga mu yi waƙarmu mu hito, duk abin da ya shafi ƙasa mu ce nasu ne, su masu ƙasar. Soja ya mutu, na gwamnati ne. Ko kuma na musulmi ne, ga limaminsu nan. Na fahimci inda tsoron ya samo asali, ni ma ina cikinshi, amma fahimta ba ta sa ya zama daidai ba. Wanda ya tsaya cikin ɗari har ƙarfe ɗaya don ka ƙare waƙarka bai tambaye ka nashi ne ko naka ba.

Akwai wani labari cikin 2 Sama'ila sura 23 da na daɗe ina karantawa kamar tatsuniyar jarumai, sai bana ya tsaya mini a wuya. Dawuda na ɓoye, Filistiyawa sun kafa sansani a Baitalami garinsu, ƙishi da kewar gida suka kama shi ya ce da ma wani ya ba shi ruwan rijiyar nan ta bakin ƙofar gari. Magana ce kawai ta baki, irin wadda ɗan Maraɗi zai yi a Yamai ya ce kai na yi marmarin furar gida. Sai mutum uku cikin jarumanshi suka tashi ba tare da ya aike su ba, suka keta rundunar abokan gaba, suka ɗebo ruwan suka kawo. Ya karɓa, ya duba, ya ƙi sha. Ya zuba shi ƙasa a gaban Ubangiji, ya ce wanga ai jinin mutanen da suka sai da ransu ne, ina ni ina shan shi. Da ina yaro haushi abin yake ba ni, in ce wane irin rashin godiya ne wannan, mutane sun sha wuya ka zubar. Yanzu na gane shi kaɗai ne ya san kuɗin ruwan. Ruwa ne dai, in ka ɗanɗana ba shi da bambanci da na randa, amma abin da aka biya aka kawo shi ya sa ya wuce a kwankwaɗa a goge baki.

Mu kuwa kwankwaɗa muke. Ka tashi ran Litinin ko Juma'a ka shiga kasuwa, ka hau mota ka je Tsibiri ko Tasawa ka dawo, matarka ta je taron zumuntar mata ta dawo bayan magariba, ran Lahadi mu sa lasifika har maƙwabta su san mun zo, duk wanga ruwa ne, kuma wani ne ya ɗebo shi. In kana ganin ƙari nake yi, tambayi mutanen ƙauyukan Madarunfa da Gabi da Gidan Rumji da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ɓarayin daji masu hitowa ta bakin iyaka da wajen dajin Baban Rafi, a kore shanu, a ɗauke mai gida ko amarya sai an sai da gona an kai kuɗin fansa. Tambayi ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka kwararo mana tun 2019, mutane da rumbunansu da dabbobinsu suka wayi gari suna bin layin tallafi. Tsakanin su da mu ba wani teku ba ne, tahiyar awa ɗaya ce a babur, kuma abin da ke tsaye a tsakani yara ne irin autan Inna, sojojin rundunar Farautar Bushiya da jandarma da ƴan garda, da takalmi mai nauyi cikin zahin watan huɗu.

A yamma kuwa abin ya wuce nan. A Satumban 2018 aka sace wani fada ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a Bomowanga, sai bayan shekara biyu aka sako shi, kuma akwai ƙauyuka a wajen da masu bi suka watse, ba sauran kaɗa ƙararrawa. Amma kada wani Kirista ya ɗauka shi kaɗai ake farauta. Ran 21 ga Maris 2025, Juma'a ce kuma cikin azumi, aka kewaye masallaci a Fambita cikin ƙaramar hukumar Kokoru aka kashe mutum 44 suna salla. Wanda ya yi wannan ba zai tsaya duba ko gicciye ne a wuyanka ko tasbaha a hannunka ba. Ƴancin da zai bar ni in yi sujada shi ne dai wanda zai bar maƙwabcina ya yi sallar asuba, rijiya ɗaya ce, in ta ƙafe tare za mu ji ƙishi.

Bari in kawo lambobi kaɗan, ba don in tayar da hankali ba, don mun iya mantuwa. Tsibirin Karamga a tafkin Cadi, Afrilun 2015, soja 46. Boso, Yunin 2016. Inates, 10 ga Disamba 2019, soja 71 a wuni guda. Ba a cika wata ɗaya cur ba, 9 ga Janairu 2020, Shinagodar, 89. Ka haɗa biyun nan na ƙarshe, mutum 160 ke nan, kowane da uwarshi, da yawa da mata da ɗiya. An yi zaman makoki na kwana uku, an sauko da tuta, shugabannin ƙasashen Sahel sun zo Yamai sun tsaya gaban kushewun, mun gani a tele. Daga nan har yau kuwa ba a daina ba, gwamnati ta canza, sanarwar ba ta canza ba. Yanzu in na tsayar da kai a hanya na ce faɗa mini sunan mutum ɗaya cikin 71 ɗin nan, in ba ɗan'uwanka ba ne, za ka iya? Ni ban iya ba. Abin da ya fi ba ni kunya ma shi ne Tongo Tongo, Oktoban 2017, inda sojan Amurka huɗu suka mutu. Duniya duka ta ji sunayensu da hotunansu da na matansu, majalisarsu ta yi ta kiran manyan hafsoshi tana tambaya. Namu da suka faɗi tare da su a wuri ɗaya, rana ɗaya, sai dai a ce "da wasu sojojin Nijar". Wasu. Ba laifin Amurkawa ba ne da suka riƙe nasu.

Kuma cutar tsohuwa ce. Wanda ya taɓa bin hanyar Damagaram ya wuce Tasawa ya san Maijirgi. Nan kushewun Voulet da Chanoine suke, turawan Faransa biyu da suka ratso ƙasar nan a 1899 suna ƙona gari suna rataye mutane, suka yi ma Birnin Ƙonni abin da har yau ake faɗi, suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, har a watan Yuli suka harbe kanar ɗinsu Klobb da aka aiko ya tsayar da su, sannan sojojinsu baƙaƙe suka juya musu suka kashe su. Su biyun nan an san sunansu, an san inda suke kwance. Dubban da suka kashe fa, da maharban da suka tare su da kwari da baka? Ko dutse ba a aza ba. Haka kakanninmu da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya, wasu suka mutu cikin ƙanƙara don ƴancin ƙasar da ta hana su nasu, waɗanda suka dawo suka nemi haƙƙinsu a sansanin Tiyaroy kusa da Dakar aka buɗe musu wuta ran 1 ga Disamba 1944, sauran kuma aka daskarar da fanshonsu shekara da shekaru. Aikin tilas ma sai 1946 aka soke shi. Muna jin haushin Faransa a kan wannan, kuma muna da gaskiya. Amma in mu ma sojanmu na yau lamba ce kawai a sanarwar ƙarfe takwas, to da me muka fi su?

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce, don an faɗa mini a fuska. Wai mu ƴancinmu cikin Almasihu yake, Galatiyawa 5, Almasihu ya ƴanta mu, mulkinmu ba na duniyan nan ba ne. Gaskiya ne, kuma ni ba zan taɓa haɗa jinin soja da jinin Yesu a ma'auni ɗaya ba, wanda ya yi haka ya ɓata. Soja bai ɗauke zunubin kowa ba, shi ma mai buƙatar jinƙai ne kamar ni. Amma surar nan da ake jawo mini, ka ƙara gaba kaɗan zuwa aya 13, cewa ta yi kada ƴancin ya zama hujjar son kai, ku bauta ma juna cikin ƙauna. Kuma in akwai mutanen da ya kamata su fi kowa gane ma'anar wani ya mutu don kai ka rayu, ai mu ne. Kalmar fansa da mutanen Gabi ke faɗi da kuka, mu kowace Lahadi muna rera ta. Duk jibin Ubangiji da muke ci, ku yi wannan don tunawa da ni aka ce. Addinin da aka gina bisa tunawa da wanda ya mutu dominka, a ce mabiyanshi ne suka fi saurin mance wanda ya mutu a bakin ƙofarsu, ai abin bai yi tsari ba. Yesu da bakinshi ya ce ba ƙaunar da ta wuce mutum ya ba da ranshi saboda abokanshi. Yaron Inna ma ba abokanshi kaɗai ya mutu ma ba, har da ni da ban miƙa mishi shayi ba.

Wani kuma ya ce to ai musulmi ne, ta yaya za a ambaci sunanshi cikin majami'a? Mu ba mu yi ma matattu addu'a, sai ƴan'uwanmu Katolika su ne ke da ranarsu ta 2 ga Nuwamba. To ni ban ce a yanke mishi makoma ba, wannan ba a hannun fasto take ba balle ni. Cewa na yi a gode ma Allah saboda shi, a faɗi sunanshi, a roƙa ma uwarshi da marayunshi, sannan a tashi a je gidan. Ka koma surar nan ta ruwan Baitalami ka karanta har ƙasa, jerin sunayen jarumai ne ɗaya bayan ɗaya, irin wurin da muke tsallakewa in muna karatun safe, akwai Ba'ammone a ciki, kuma suna na ƙarshe, aya 39, Uriya Bahitte ne. Ba Ba'isra'ile ba ne ta asali. Littafi bai ji kunyar rubuta shi ba.

Uriya ɗin nan shi ne ya kawo ni ga abin da ya fi wuyar faɗi. Ba abokan gaba kaɗai suka kashe shi ba, takarda ce ta kashe shi. Sarki Dawuda, shi dai wannan da ya ƙi shan ruwa, ya ɗauki matar mutumin yana bakin daga, da abin ya ƙi rufuwa ya rubuta ma Yowab, shugaban rundunarshi, a sa Uriya inda yaƙi ya fi zahi a janye a bar shi, kuma a hannun Uriya aka ba da wasiƙar ya kai da kanshi. Da labarin mutuwar ya iso, me sarki ya ce? Kada abin ya dame ka, takobi yakan ci wannan ya ci wancan. Wato sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Kun san wannan muryar, muna jin ta. Sai da annabi Natan ya shiga fada ya ce kai ne mutumin. Kuma shekaru aru-aru bayan haka, da Matiyu ya zo jera kakannin Yesu, bai kira uwar Sulemanu da sunanta ba, matar Uriya ya ce, kamar don kada a manta.

A farkon 2020, makonni kaɗan bayan Inates da Shinagodar, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya hito da cewa sama da miliyar 70 na sefa sun salwanta, ta kumbura farashi da kayan yaƙin da aka biya ba su iso ba. Ni ba alƙali ba ne, ba zan kira sunan kowa ba. Amma duk wanda ya ci kuɗin sulke ya aika ɗan talakka daji da ƙirji a buɗe, wasiƙar Uriya ya rubuta, ko da ya zo jana'iza da babbar riga ya fi kowa sunkuyar da kai. Shi ya sa nake cewa tuna soja daban, yi ma masu mulki kirari daban, kada a haɗa mana su. Wannan ƙasa ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, ta ga farar hula ta ga kaki, kowa da ra'ayinshi a kan wanda ya fi, ni ma ina da nawa kuma ba shi na zo faɗi ba. Yaron da ke kwance a rami bai san wa ke kujera ba lokacin da harsashi ya same shi. In an ce sai ka yi ma gwamnati tafi kafin a yarda kana son soja, ƙarya ne. In kuma ka ce ba za ka yi ta'aziyyar soja ba don kada a ce kana bayan gwamnati, kai ma ka faɗa rami ɗaya da su.

Haka kuma girmama soja ba ya nufin kaki ya wanke kowa. Da sojoji suka zo wajen Yahaya Mai Baftisma suka ce mu fa me za mu yi, bai ce su ajiye aikin ba, bai kuma shafa musu kai ba, cewa ya yi kada ku ƙwace na kowa, kada ku yi ma kowa ƙazafi, albashinku ya ishe ku, Luka 3:14. Duk direban da ya bi hanyar Ɗan Isa ya san ayar nan ba ta tsufa ba. A 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta hitar da rahoto kan fararen hular da suka ɓace a yankin Inates tana ɗora alhakin a kan wasu masu kaki, hukumomi suka musanta. Su ma waɗancan suna da uwaye. Ikilisiyar da ta iya kuka ma soja ta kasa kuka ma makiyayin da aka kashe ba laihi, ba ta Almasihu take bi ba, ta tuta take bi.

To me nake so a yi? Ba babban abu ba ne, shi ya sa ma rashin yin shi ya zama abin kunya. Kowace 3 ga Agusta muna tuna 1960, a yi jawabi, a hita a dasa itace, a ɗauki hoto da babban mutum riƙe da butar ban ruwa, kafin ƙarshen Satumba akuya ta cinye. Tunawarmu da matattu ma haka take, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi arba'in, tabarmi su naɗe, shi ke nan an bar mace da yara da kuɗin haya. Na raka surukar Inna wani ofis neman haƙƙin mijinta, sau huɗu muna zuwa, yau a ce takarda kaza ba ta cika ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tahiya, yarinya da ko karatun faransanci ba ta yi ba, tana riƙe da fayil kamar mai riƙe da garwashi. Cikin majami'armu akwai malaman lakwal, akwai ma'aikata da suka san kowace ƙofa, akwai wanda in ya ɗaga salula sau ɗaya an gama. Yakubu 1:27 ba ta ce marayu da gwaurayen da ke cikin rajistar ikilisiya ba, marayu da matan da mazansu suka mutu ta ce, ta yi shiru. Waɗanda suka kawo mana bishara ta Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, abin da ya sa har yau ake ganin girmansu ai ba yawan wa'azi ba ne, likitar Galmi ce da aka buɗe a 1950 da ta kutare a Danja, inda ba a tambayar addininka kafin a wanke maka gyambo. Mu jikokinsu mun iya tara baiko na sabon janareto da fenti cikin wata biyu. Kuɗin lakwal na yaro ɗaya, da buhun hatsi lokacin da damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, ba su kai kuɗin lasifika guda ba.

Kuma a sa Lahadi ɗaya a shekara, ko ta kusa da 3 ga Agusta ko ta 18 ga Disamba, kowa ya kawo sunan wanda ya sani daga unguwarsu ko ƙauyensu, soja ko jandarma ko ɗan sanda ko ɗan garda, Kirista ko musulmi, a karanta a hankali ba gaggawa, ko da sujada za ta ƙara rabin awa, ai muna ƙara fiye da haka in ana gwanjon godiyar kaka. In za a dasa itace a dasa da sunan mutum, a kewaye shi da ƙaya, a ba wani yaro aikin ban ruwa har rani ya wuce. Sannan masu gadin ƙofa daren Nowel, don Allah zumuntar mata, butar shayi ɗaya.

Makon jiya na tsaya wajen Inna da takarda da biro, na ce Inna ina son cikakken sunan ƙanena, da na mahaifinshi, da shekarar da aka haife shi. Ta ɗago ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta ce me za ka yi da shi ɗan nan? Na ce a majami'armu za mu karanta, mu gode ma Allah. Ta yi shiru, ta tsame ƙosan da ke cikin mai, ta zuba wani ƙullun, har na ɗauka na yi laihi. Can ta faɗa mini, ta sake faɗi don in rubuta daidai, ta ƙara da sunan da ita take kiranshi tun yana goye wanda ba ya cikin kowace takarda. Sai ta ce, ku da kuka san boko, wai ana barin mutum ya je ya ga wurin da aka rufe su? Na ce zan tambaya. Ta ce nawa ne kuɗin mota yanzu? Na ce shi ma zan tambaya. Ta ƙulle mini na dala arba'in ta ƙara biyu gyara, na miƙa kuɗi ta ture hannuna, mai babur na bayana yana ta hon in matsa.